Yadda ake saita sitiyarin wasan tseren mota har ka ji taya a tafin hannunka

Duk wanda ya taɓa tuƙa mota ya san abin nan: ka sha kwana, ka ɗan sassauta hannu, sai sitiyari ya zame cikin tafinka ya koma tsakiya da kansa. Tayoyin gaba ne suka mayar da shi. Yadda aka kafa su, da yadda robarsu ke murɗewa a kan kwalta, shi ke sa kullum suna neman miƙewa su bi inda motar ta dosa. Wannan jan da taya ke yi wa hannun direba shi ne abin da sitiyarin wasa ke kwaikwaya. Wasan yana lissafa ƙarfin da ke kan tayoyin gaba sau da yawa a kowace daƙiƙa, ya aika wa injin lantarkin da ke cikin sitiyarin, shi kuma ya ja hannunka daidai gwargwado. A cikin wasanni za ka ga an rubuta Force Feedback, ko FFB a taƙaice. Ni zan riƙa ce masa martani.

A motar gaske jikinka duka yana ji: gadon bayanka, ƙugunka, har hanjin cikinka idan bayan mota ya fara zamewa. A kujerar ɗaki babu ko ɗaya. Ido da kunne da hannu ne kawai suka rage maka, hannu kuwa ya riga ido jin labari. Kuskuren da kusan kowa ke fara yi shi ne ya ƙure martanin don ya ji ƙarfi, alhali ba don kokawa aka yi shi ba, don taya ta yi maka magana aka yi shi. Za mu zo kan wannan, don a nan aikin yake.

Kafin ka fitar da kuɗi

Fara da na'urar da kake wasa a kai. Logitech G29 na PlayStation ne da kwamfuta, ɗan'uwansa G920 na Xbox ne da kwamfuta, dukansu sun fito a 2015. Suna kama sosai, amma wanda ya sayi G920 yana da PS5 a gida ya yi asara. Haka sauran kamfanonin suke raba kayansu. Mai kwamfuta ne kaɗai kusan kowane sitiyari ke yi masa aiki.

Sai ka tabbatar yana da martani na gaske. Akwai masu araha da yawa, irin su PXN V9, Hori Apex da Thrustmaster T80, waɗanda ba su da injin da ke jan hannu. Iyakarsu su yi kakkarwa, ko wani abu mai kama da roba ya mayar da su tsakiya. Idan burinka ka ja tirela a Euro Truck Simulator 2 kana sauraren rediyo, za su iya fitar da kai. Amma a tsere, kakkarwa ba ta gaya maka komai game da taya.

Masu martanin gaske iri uku ne, bambancinsu yadda ƙarfin inji ke isa hannunka. Na farko masu haƙoran giya, su ne G29, G920 da G923 da ya biyo su a 2020. Ƙarfinsu bai wuce Nm 2 da ɗan ɗoriya ba, suna da ƙarar gargar, kuma akwai ɗan lako-lako a tsakiya, amma suna da jure wahala. Na biyu masu bel, irin Thrustmaster T300 RS, mai kusan Nm 4, wanda ya fi laushi da shiru. Na uku su ne waɗanda ake ɗaura sitiyari kai-tsaye a kan sandar injin, ba giya ba bel, 'yan wasa na ce musu DD. Da can sai mai kuɗi, har kamfanin Fanatec na Jamus ya fito da CSL DD a 2021, mai Nm 5, wanda ke kai 8 idan an sa masa babbar adafta. Moza ta China tana da R5 mai Nm 5.5 da R9 mai 9. A can sama akwai Simucube 2 Pro na Finland mai Nm 25.

Nm, wato Niyuton-mita, ma'aunin ƙarfin murɗi ne. Don ka ji shi a jikinka: a sitiyari mai faɗin santimita 28, Nm 2 kamar nauyin babbar robar ruwa ce mai lita ɗaya da rabi rataye a gefensa. Nm 8 kusan kilo 6 ne. Nm 25 kuwa ya kusa jarkar ruwa mai lita 20. Amfanin mai ƙarfi ba wai a yi ta dambe da shi ba ne. Yana da fili ne tsakanin ƙaramin motsi da babba, don haka ka fi rarrabe su.

Idan na hannu za ka saya, kada ka yi cinikin biri a sama. A jona shi a gabanka. In mai giya ne ko mai bel, da ya samu wuta zai juya da kansa zuwa ƙarshen wannan gefe, ya koma wancan, sannan ya tsaya a tsakiya cak. In ya tsaya a karkace ko yana ta kai-komo, ajiye kuɗinka. A kwamfuta mai Windows, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta joy.cpl, ka buɗe sitiyarin, sannan ka taka kowace feda a hankali kana kallon layinta. Ya kamata ya hau sumul. Wanda ke tsalle-tsalle ƙura ta ci shi. Ka kuma karanta abin da aka rubuta a jikin adafta ko gindin sitiyarin. Kayan da aka yi don Amurka wasu ba su wuce wutar 120 ba, tamu kuwa ta Najeriya da Nijar tana tsakanin 220 da 230. In ka ga 100–240V, ba matsala.

Kafa shi

Rabin martani a tebur yake ɓacewa. Ni na fara ne a kan teburin roba irin na biki, duk lokacin da na sha kwana mai ƙarfi sai teburin ya biyo ni, har ranar da ya kife a cinyata. Nemi teburin katako mai kauri wanda ba ya rawa, ka ɗaure maɗauran sitiyarin tamau amma ba har ka fasa su ba, tunda yawancinsu roba ne. Mai DD da ya wuce Nm 8, tebur ba zai riƙe shi ba, sai maƙali na ƙarfe. Mai walda na unguwa zai iya haɗa maka, in ka kai masa ma'aunin ramukan noti da ke ƙarƙashin na'urar.

Allon feda ka tokare shi da bango ko da katako, in ba haka ba a birkin farko zai gudu. Kujerar ofis mai taya ita ma za ta ja da baya. Ka cusa tayoyinta na gaba cikin tsofaffin takalma, ko ka sauya ta da kujera mai ƙafa. Gwajin zama iri ɗaya ne da na motar gaske: jingina kafaɗunka da kujera, miƙa hannu, wuyan hannunka ya sauka a saman sitiyari. Riƙo kuma a ƙarfe 9 da ƙarfe 3, kamar a fuskar agogo.

Wuta da manhaja

Jona wayar USB kai-tsaye a jikin kwamfuta ko na'urar wasan, ba ta cikin marabar nan mai ramuka da yawa ba. Wutar kuma ta bi ta sitabilaiza, musamman in da janareta kake wasa. Mai G29 a kan PS5 ya bar ɗan makunnin da ke saman sitiyarin a wajen PS4. Lokacin da yake juyin nan nasa na farko, janye hannunka, kada kuma ƙafarka ta taɓa feda, don a lokacin yake auna inda tsakiya take.

A kwamfuta sai ka sauke manhajar kamfanin: G HUB ga Logitech, Pit House ga Moza, Thrustmaster da Fanatec su ma kowa da tasa. Idan ta ce za ta sabunta manhajar cikin sitiyarin kansa, kada ka amsa mata sai kana kan inbata ko wutar da ka tabbatar ba za a ɗauke ba. Ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aikin tana iya sumar da na'urar.

Abu biyu za ka taɓa a manhajar. Ka buɗe digirin juyawa zuwa ƙarshe, 900 a Logitech, 1080 a T300. Ka kashe abin da ke mayar da sitiyari tsakiya da ƙarfin tsiya, wanda G HUB ke kira Centering Spring, don jan ƙarya ne da ke danne na taya. A Thrustmaster ka zaɓi wasan ne zai riƙa mayarwa, ba sitiyarin ba. Sauran ka bar su yadda suka zo, kamar Sensitivity a kan 50.

Daidaita digiri da na wasan

Shiga wasan, ka zaɓi kallon cikin mota, ka tsaya cak. Juya sitiyarinka kwata ɗaya, digiri 90. Na cikin allo ya juya daidai haka? In ya yi, ka wuce. In ya wuce naka ko ya gaza, lambar digirin da ke cikin wasan ba ta yi daidai da ta manhaja ba, gyara ta. Wasannin Assetto Corsa, Assetto Corsa Competizione da iRacing suna rage juyawar da kansu gwargwadon motar da ka hau, muddin ka gaya musu gaskiyar digirinka. Inda wasa bai yin haka, masu motar Formula 1 sun saba sa 360, masu tseren daji 540, masu tirela kuwa duk abin da sitiyarin zai iya. Kada ka taɓa martani kafin wannan ya zauna, don sitiyarin da digirinsa ya karkace zai sa ka zargi abin da ba shi da laifi.

Babban aikin: ƙarfin martani

Ka san lasifikar mai tallar magani a kasuwa, wadda aka ƙure wa murya? Ƙara kake ji, amma ba ka rarrabe kalma. Raɗa da ihu duk sun zama abu ɗaya. Haka sitiyari yake yi in ka ƙure masa. Injinsa yana da iyaka. Idan wasa ya nemi ƙarfin da ya wuce iyakar, duk abin da ke sama da ita sai ya fito da nauyi ɗaya. Kana tsakiyar kwana, taya ta fara saki, wasan ya rage ƙarfin daga kashi 140 zuwa 110, amma hannunka bai ji komai ba, don duka biyun a 100 suka tsaya. Sai dai kawai ka ga motar tana katantanwa. 'Yan wasa na kiran wannan clipping, ni ina ce masa ƙurewa.

Ga yadda ake maganinsa. Ɗauki mota ɗaya da ka saba da ita, da fili ɗaya mai dogayen kwanoni masu gudu. Spa-Francorchamps na Beljiyam ya dace, saboda kwanar Pouhon mai lanƙwasa biyu zuwa hagu tana danne tayoyin gaba na tsawon lokaci, ga kuma gangaren Eau Rouge inda mota ke dannuwa ƙasa kafin ta hau tudu. Mayar da duk ƙarin armashi zuwa sifili: na gargadar hanya, na tudun ja-da-fari da ke bakin kwana, na santsi. Bar babban ma'aunin kaɗai, wanda yawanci ake rubuta wa Gain ko Strength, ka sa shi wajen kashi 70.

Yi zagaye biyu ko uku tayoyi su ɗumama, sannan ka fara lura da layin martani. A Assetto Corsa yana cikin ɗan akwatin da ke nuna feda, a Competizione yana kusa da layukan totur da birki, yana kuma yin ja idan an ƙure. In ya ɗan ƙyafta ja lokacin da ka hau tudun bakin kwana, ba komai. In ya zauna a ja tun daga shigar Pouhon har fitarta, rage kashi 5, ka sake zagayawa. Ci gaba da haka har jan ya koma na ƙiftawa. A Assetto Corsa kana iya ragewa da ƙarawa kana cikin tuƙi da maɓallan + da − na gefen lambobi a kibod, kuma yana riƙe wa kowace mota nata. A iRacing sun sauƙaƙa: yi zagaye biyu ba tare da karo ba, danna F9, ka zaɓi auto.

Da ka gama, sitiyarin zai yi maka kamar ya yi sanyi, musamman mai giya. Zuciyarka za ta ce ka mayar. Daure ka yi kwanaki uku a haka. Hannu yana sabawa da sauƙin nauyi, sai ya fara jin ƙananan abubuwan da da can ihu ya rufe.

Mai DD nasa ya ɗan bambanta. Ka fara tsayar da iyakar ƙarfi a manhajar kamfanin, gwargwadon abin da hannunka zai iya na awa ɗaya ba gajiya, sannan ka yi wannan gwajin a cikin wasa. Kada ka zura manyan yatsunka can cikin sitiyarin, kuma in za ka daki bango, saki. Yana iya gurɗa yatsa ko wuyan hannu. In yara za su hau, rage shi ƙasa sosai tukuna.

Ƙananan ma'aunai

Yanzu sai sauran, ɗaya bayan ɗaya. Kada ka taɓa biyu a lokaci guda, don ba za ka san wanne ya gyara ko ya ɓata ba.

Minimum Force na masu giya ne da bel. Ƙananan saƙonni ba sa iya motsa haƙoran, shi ya sa tsakiyar sitiyarin ke zama fanko a miƙaƙƙiyar hanya. Ƙara shi da kashi 2 a kowane gwaji har fankon ya cike. Da ka ga sitiyari ya fara kaɗa kai hagu da dama shi kaɗai, ka wuce gona da iri, koma baya taki ɗaya. Masu G29 sukan tsaya tsakanin 10 da 15, masu bel ƙasa da haka, mai DD ya bar shi a sifili.

Damper nauyi ne da ke hana sitiyari fizga, kamar kana juya shi cikin man ja. Mai giya ba ya buƙatarsa sosai, tunda haƙoran sun riga sun danne shi. DD yana son kaɗan don kada ya yi ta rawa. Wanda Competizione ke kira Dynamic Damping daban ne, yana ƙaruwa ne da gudun mota, a bar shi yadda ya zo.

Na gargadar hanya da na tudun bakin kwana, a ganina yaji ne: kaɗan ya isa. A wasannin da aka auna filinsu da na'urar leza, gargadar gaske tana cikin lissafin tun farko, abin da ma'aunin ke ƙarawa na roba ne. Ni ba na wuce kashi 10.

A Gran Turismo 7 ma'auni biyu ne kawai, kowanne daga 1 zuwa 10: Max Torque na ƙarfi, da Sensitivity na saurin jin ƙananan motsi a tsakiya. Babu layin da zai nuna maka ƙurewa, sai da hannu. Shiga doguwar kwana ka riƙa ƙara murɗa a hankali. In nauyin ya tsaya wuri ɗaya kamar bango, rage na farkon.

Koyon jin abin da yake faɗa

Saitin ba shi da amfani in ba ka san yaren ba. Kashe taimakon da ke hana mota zamewa, ka je fili kai kaɗai, ka yi kuskure da gangan.

Shiga kwana da gudun da ya ɗan yi yawa, ka ci gaba da murɗawa. Nauyi zai ƙaru, ya ƙaru, sai kwatsam ya saki. Wannan sakin yana nufin tayoyin gaba sun daina kama kwalta, motar za ta miƙe ta ƙi shan kwana. Ƙarin murɗa ba ya magani. Sassauta totur, ka ɗan warware sitiyari har nauyin ya dawo. Iyakar gudun kowace kwana tana nan gab da inda nauyin ya fi yawa, kafin ya saki.

Sai ka gwada akasinsa da mota mai jan baya. A fitar kwana taka totur da ƙarfi. Bayanta zai fita, sitiyari kuma zai fizge da kansa zuwa ɓangaren da bayan ya nufa. Kada ka yi faɗa da shi, gyaran da ya kamata ka yi ne yake nuna maka. Sassauta riƙo, bar shi ya tafi, ka kama, sannan ka mayar da sauri da zarar motar ta fara miƙewa. Wanda ya damƙe sitiyari kamar za a ƙwace masa ba zai taɓa jin wannan ba.

Na uku, a motar da ba ta da ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki, danne birki har tayoyin gaba su ƙame. Sitiyari zai mutu a hannunka, ba nauyi ba amsa. Ɗaga ƙafa kaɗan, ya farfaɗo.

Birki

Tunda mun zo nan: in kana da ɗan kuɗin ƙari, birki ya fi sabon sitiyari rage maka lokacin zagaye. Fedar da ke zuwa da masu araha nisan takawa take aunawa. Akwai kuma mai auna nauyin ƙafa, irin Thrustmaster T-LCM da ke ɗaukar har kilo 100. Ƙafar mutum ta fi riƙe yawan dannawa a kan tsawon tafiya, shi ya sa birkinka ke fitowa iri ɗaya a kowane zagaye. In ba hali, gyara wanda kake da shi. Birkin G29 yana da ɗan guntun roba a ciki da ke sa ƙarshensa tauri. A wajen auna feda na cikin wasa, taka iya inda ƙafarka ke kaiwa ba tare da kujera ta motsa ba, ka sa nan ya zama kashi 100. Ka bar ɗan fili na kashi 2 ko 3 a farkon totur da birki, don ƙafar da ke hutawa a kai kada ta riƙa danna su ba ka sani ba.

Idan wani abu ya rikice

Martani ya yi ƙarfi da farko, bayan rabin awa ya yi laushi: zafi ne. Masu bel irin T300 suna da fanka a ciki, kuma suna rage ƙarfi da kansu don kare inji. A watan Afrilu a Kano ko Maraɗi wannan ba ya jimawa. Rage Gain, kada ka toshe ramukan iska, ka juyo masa fankar ɗaki.

Sitiyari yana gudun tsakiya, yana jan ka zuwa cikin kwana maimakon ya yi maka turjiya: martanin a juye yake. Nemi inda aka rubuta Invert, a wasan rFactor 2 kuwa lambar ƙarfin ake mayarwa mai alamar ragi.

Babu martani kwata-kwata amma maɓallai na aiki: duba wayar wuta, sau da yawa ita ce ta zare. Ya tsaya a karkace: cire USB, miƙar da shi, sake jonawa hannunka a janye.

Totur yana ƙyafta shi kaɗai ko ba ya kai ƙarshe: ƙura ce ta shiga ma'aunin cikin feda, kuma hunturu ba ya raga mata. Cire wuta, buɗe ƙasan allon, fesa maganin wanke kayan lantarki irin na masu gyaran rediyo, ba man inji ba, ka tattaka fedar sau ashirin ko talatin, ka bar ta ta bushe. Daga nan ka riƙa rufe sitiyari da feda da zane duk lokacin da ka tashi. Lambobin da ka tsayar kuma ka ɗauki hotonsu da waya, na manhaja da na kowane wasa, don sabuntawa ɗaya tana iya share su duka.